Allura a Alƙahira, Ciwo a Ƙauye: Sabon Maganin Kansar Huhu da Abin da Yakan Yi wa Jijiya

Kafin yaƙi, in aka ce wa mutumin Mai Wurno ko Suki ko ƙauyukan Managil yana da kansar huhu, hanya biyu ce a gabansa: ko Hartum ko Madani. A Hartum akwai asibitin Zarra da aka buɗe tun 1967. A Madani kuma akwai cibiyar kansa ta Jami'ar Jazira, wadda ta fara karɓar marasa lafiya a 1999. Maganin dai kimawi ne da gashi, gwamnati ke ɗaukar nauyinsa, kai kuɗin mota da wurin kwana kawai za ka nema. Da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, Hartum ta rufe, nauyin kusan ƙasar gaba ɗaya ya dawo kan Madani, har ita ma aka shige ta a watan Disamba na shekarar. Sojoji ba su karɓe ta ba sai Janairun 2025. A tsakanin nan masu ciwo sun watsu: wasu Marawi, wasu Shandi, wasu Gadarif da Bur Sudan. Wanda kuma Allah ya ba ɗa ko ƙane a kasuwar waje, sai aka yi karo-karo aka kai shi Masar, ko Saudiyya, ko Indiya.

To a can ne mutanenmu da yawa suka fara jin sunan wani magani da ba su saba da shi ba. Larabawa na ce masa ilajul mana'i, Turawa su ce imunoterafi, mu kuma sai mu ce maganin zaburar da garkuwar jiki. Mu 'yan kasuwa mu ne masu biyan kuɗinsa. Mu ake bugo wa waya da tsakar dare, mu ke tura kuɗi ta Bankak, wani lokaci ma mu ke ɗauko kwalbar a cikin kula mai ƙanƙara. Amma da wuya ka sami wanda ya zauna aka yi masa bayanin abin da zai iya biyo bayan allurar idan majiyyaci ya koma gida, inda likitan da ya rubuta ta yake nesa da tafiyar kwana uku ko huɗu. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Lori mai birki, lori marar birki

A jikin kowane ɗan Adam akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da aikinsu shi ne sintiri. Suna zagaya jiki kamar dogarai, duk baƙon da suka gani, ko ƙwayar cuta ce ko ƙwayar jiki da ta lalace, sai su far mata. Allah da ikonsa ya sa musu birki, don kada su yi ta duka har su taɓa na gida. Likitoci sun sa wa ɗaya daga birkin nan suna PD-1, wani kuma CTLA-4. Ita kansa wayonta shi ne ta koyi taka birkin. Duk wanda ya bi hanya da kaya a shekarun nan ya san yadda ake wuce shinge da takardar da aka buga wa hatimin ƙarya. Haka kansa ke yi, ta nuna wa dogari hatimi ya sauke sandarsa ya bar ta ta wuce.

Wasu masana biyu, James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan, su ne suka gano yadda birkin yake, aka ba su kyautar Nobel a 2018. Daga bincikensu aka yi magungunan da ke cire ƙafar kansa daga kan birki. Wanda aka fi ji a bakin mutanenmu shi ne Keytruda, sai Opdivo, da Tecentriq, da Imfinzi. A Amurka an amince da Opdivo da Keytruda ga kansar huhu tun 2015. Ta ƙarin ruwa ake ba da su. Keytruda, misali, milligiram 200 ne duk sati 3, ko 400 duk sati 6, ruwan kuma rabin awa ya ƙare. Akan yi ta yi har shekara biyu in jiki ya karɓa.

Kuma gaskiya maganin yana aiki ga wanda ya dace da shi. A wani babban gwaji da aka yi kan masu kansar huhun da ta riga ta bazu, waɗanda ƙullutunsu ke da alamar PD-L1 mai yawa, bayan shekara 5 kusan kashi 32 cikin 100 na waɗanda suka fara da Keytruda suna raye, alhali waɗanda suka fara da kimawi kashi 16 ne. Ninki biyu ke nan. A ciwon da ke kashe mutum miliyan 1.8 a shekara a duniya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A watan Satumba 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna saboda kansar huhu. Don haka kada wani ya karanta abin da ke tafe ya ce na ce a guje shi.

Bari in ɗan ratse, tunda kuɗi muke magana. Ba kowane mai kansar huhu ne maganin ke yi wa amfani ba. Akwai gwaje-gwajen da ake yi a kan tsokar da aka ciro daga ƙullutun. Idan aka sami wani canji da ake kira EGFR, wanda aka fi gani ga mata da waɗanda ba su taɓa shan sigari ba, ƙwayoyin haɗiya ne suka fi dacewa, allurar nan ba ta cika yin tasiri ba. Farashinta a Amurka ya haura dala dubu 10 kowane zuwa. Ko a Masar da Indiya da aka fi sauƙi, kuɗi ne da ke cinye hawasha da shanu. Kafin a sa gonar gado a kasuwa, a tambayi likita sakamakon gwajin tukuna.

Yanzu mu koma kan lori. In ka kwance wa mota birki za ta yi gudu, amma ba ta san bambancin hanya da kantin mutane ba. Dogaran da aka saki su kama kansa, wani lokaci sai su auka wa fata, ko hanji, ko hanta, ko shi huhun kansa. Waɗannan sun fi yawa, kuma likitoci sun fi faɗa wa mutane su. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne in sun auka wa jijiya, ko tsoka, ko laka, ko ƙwaƙwalwa.

A 2017 wasu likitoci a Faransa sun tattara gwaje-gwaje 59 da suka ƙunshi marasa lafiya fiye da dubu 9. Suka ga cewa cikin masu karɓar irin su Keytruda da Opdivo, wajen 6 cikin 100 kan sami wata matsala ta jijiya, in kuma an haɗa magani biyu, kamar Opdivo da Yervoy, sai ya kai 12 cikin 100. Mafi yawa abu ne mai sauƙi, ciwon kai ne ko jiri ko canjin ɗanɗano. Mai tsanani bai kai mutum 1 cikin 100 ba. Kaɗan ne, na yarda. Amma in ya faɗo kan naka, ba ruwanka da lissafi, kuma irin wannan ɗin ne awa ashirin da huɗu ke raba mai rai da gawa.

Fatar ido da ta faɗo

Wani ɗan baffana, mai sayen riɗi da albasa a ƙauyukan gefen kogi, ya haura sittin, ya yi shekara talatin yana shan sigari. Tari ya kama shi aka yi ta ba shi maganin tibi wata da watanni ba sauƙi, sai da aka kai shi Alƙahira aka gano kansa ce. Aka yi masa allura ta farko, bayan sati uku aka yi ta biyu. Tarin ya ragu, ya fara cin abinci, har yana tsokanar jikoki a waya. Kuɗin haya a unguwar Faisal ya yi musu nauyi, sai suka yanke shawarar komawa gida da kwalaben zagaye na uku, a yi masa a wani asibitin kuɗi a cikin Sudan.

Bai yi sati da isa ba matarsa ta lura da abu. Da safe lafiya lau, amma da la'asar in ya zauna shan jabana sai ya tallafe haɓarsa da hannu, kamar kan ya yi masa nauyi. Fatar idonsa ta dama ta sauko ta rufe rabin idon. Ta ce masa, "Alhaji, barci kake ji ne?" Ya ce gajiyar hanya ce. Washegari ya ce yana ganin butar alwala biyu. Ran na uku ruwa ya sarƙe shi har ya fito ta hanci, muryarsa ta koma kamar mai mura. Maƙwabta suka ce shanyewar ɓarin jiki ce ke tafe. Wata tsohuwa ta ce ai wanda ya dawo daga Masar da sauƙi dole ido ya bi shi, a nemo rubutu da turare. Ma'aikacin shan-magani na ƙauyen ya taɓa jikinsa ya ji ɗumi, ya ce maleriya ce da taifot, ya rubuta allurai.

Babban ɗansa ya kira ni da daddare. "Baffa, Baba fa idonsa ya faɗo, kuma ba ya iya haɗiyar asida." Na ce masa ina takardun Masar? Ashe ƙanwarsa, wadda ta yi jinyar uban a can, ta adana komai a cikin leda, har da lambar likitan. Ita ce ta ɗauki hoton fuskar uban da ɗan gajeren bidiyo ta tura ta WhatsApp. Kafin awa guda likitan ya aiko da murya: a ɗauke shi yanzu, a daren nan, zuwa asibitin da ke da injin taimakon numfashi, kada a yi masa allurar kinin, kada a ba shi sifro, kuma kada a ɗura masa ko ruwa. Suka nemo boksi aka shimfiɗa masa katifa a baya. Ya yi kwana ashirin a asibiti, shida daga ciki injin ne ke yi masa numfashi. Ya tashi. Yau yana tafiya da sanda, idon ya buɗe. Allurar kam likita ya ce an rabu da ita ke nan, kwalaben da aka saya da kuɗin shanu huɗu ba a taɓa su ba.

Ciwon da ya same shi sunansa mayastiniya. Tsakanin jijiya da tsoka akwai wata mahaɗa inda saƙo ke tsallakawa, saƙon "ɗaga ido", "haɗiye", "ja numfashi". Garkuwar da aka zaburar ita ke toshe mahaɗar. Shi ya sa tsoka ke gajiya da sauri: da safe da ƙarfi, da yamma babu. Wani nazari na 2019 da ya bi rahotannin illolin magunguna da Hukumar Lafiya ta Duniya ke tarawa ya nuna cewa wannan ciwo yakan zo da wuri, wajen kwana 29 da fara allura, wato bayan ta farko ko ta biyu, kuma kusan mutum 1 cikin 5 da ya kama ba ya tashi. Sauran matsalolin jijiya sukan jinkirta zuwa wata biyu ko uku. Abin da ke ƙara masa haɗari shi ne yakan zo da abokan tafiya biyu, kumburin tsokar jiki da kumburin tsokar zuciya. Idan ukun suka haɗu, fiye da rabi ne suka mutu a wancan nazarin. Don haka duk mai wannan allura da idonsa ya faɗo, ba ido kaɗai za a duba ba. A auna zuciya da na'ura, a ɗebi jini a duba sinadaran da ke nuna tsoka ko zuciya na lalacewa, waɗanda ake rubutawa CK da troponin a takardar gwaji. In kuma ya ce ƙirjinsa na ciwo, ko zuciyarsa na bugawa ba daidai ba, ko fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, to a ƙara sauri.

Maganar kinin ita ce na fi so mutanen Jazira su riƙe. Mu mutanen tur'a ne, tun da aka gina madatsar Sinnar a 1925 ruwa ke kwance a gonakinmu, sauro kuma bai taɓa barinmu ba. Duk zazzaɓi a wurinmu maleriya ce har sai an ga akasin haka, kuma sau da yawa gaskiya ne. Amma kinin yana ƙara toshe waccan mahaɗa ta jijiya da tsoka, haka ma kulorokwin. Irin su sifro da ake sha kamar gyaɗa saboda taifot, da azitiromaisin, da allurar jantamaisin, da magnesiyam ta ƙarin ruwa, duk suna iya tura mai mayastiniya daga rauni zuwa ɗaukewar numfashi. Ma'aikacin ƙauye bai yi mugunta ba, abin da ya saba gani ya yi wa magani, kuma babu wanda ya gaya masa mutumin nan yana kan wata allura dabam. In gwaji ya nuna maleriya ce da gaske, akwai wasu magungunan, likita zai zaɓa.

Akwai wata dabara da likitoci ke yi a bakin gado wadda kowa zai iya yi a kan angareb. A sa majiyyaci ya ja numfashi ya cika ƙirji, sannan ya yi ta ƙirga da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, ba tare da ya sake ja ba. Mai lafiya yakan wuce 30. Idan ya kasa kai 20, ko kuma jiya ya kai 25 yau ya tsaya a 15, tsokar numfashi ce ke sarewa. Mai kansar huhu dama numfashinsa ba cikakke ba ne, shi ya sa ya kyautu a gwada tun ranar da aka fara allura, a rubuta lambar a bayan katin asibiti, don a sami abin kwatantawa. Haka kuma in ya kwanta rigingine ya kasa ɗaga kansa daga matashi, ko ya ce ba ya iya numfashi sai a zaune. Kada a jira leɓe ya yi baƙi. Mai wannan ciwo ba ya haki da ƙara kamar mai asma, shiru yake yi, mutane su ɗauka barci ne.

Ƙafa, laka da ƙwaƙwalwa

Na biyu shi ne wanda ke farawa daga ƙafa. Mutum ya ji tafin ƙafarsa ya mutu, ko kamar kiyashi na yawo a ciki, takalmi ya zame bai sani ba. A nan akwai rikici, domin kimawi ma na yin haka, musamman irin su sisfilatin da fakilitaksel da ake haɗawa da allurar, ciwon suga ma na yin haka. Bambancin yana ga sauri. Na kimawi da na suga a hankali suke zuwa, wata da watanni, su tsaya a yatsu. Wanda ake tsoro shi ne mai hawa: ran Asabar tafin ƙafa, ran Litinin gwiwa, ran Laraba ya kasa tashi daga sujada sai an kama shi. Wannan shi ake kira ciwon Giyan-Bare, da sunan likitocin Faransa da suka bayyana shi a 1916, kuma in ya hau har ƙirji shi ma numfashi yake tsayarwa. Idan laka ce ta kumbura, sai ka ji mutum na cewa kamar an ɗaure masa ciki da igiya, ƙafafu biyu su yi nauyi, fitsari ya ƙi fita ko ya zubo ba da saninsa ba. Dattawanmu da kunya, ba za su faɗi wannan a gaban 'ya'ya mata ba. Sai namiji babba ya keɓe da shi ya tambaya, in mace ce kuma 'yar'uwarta.

Na uku shi ne ya fi rikita gida, wato kumburin ƙwaƙwalwa. Dattijo mai hankali ya fara manta sunan matarsa, ya yi sallar azahar sau uku, ya zagi wanda bai taɓa zagi ba, ya ce yana ganin mutane a kan katanga. Wani barci ne zai yi ta yi ba a iya tashinsa, wani kuma jijjiga irin ta farfaɗiya. A ƙauyukanmu sunan wannan iska, ko sammu, musamman in mutum mai dukiya ne da 'yan'uba. Ban hana kowa addu'a ba, ni ma ɗan makarantar allo ne, kuma faki na iya shiga motar ya yi ta tofi har ƙofar asibiti. Abin da ba na so shi ne kwana uku a ɗakin turare. Ƙwaƙwalwar da ta kumbura in aka yi mata magani da wuri takan dawo, in aka makara takan bar tabo da ba ya gogewa. Wani kuma abin yakan zo masa kamar sanƙarau, ciwon kai mai tsanani, wuya ya sandare, ido ba ya son haske, ga zazzaɓi, alhali babu ƙwayar cuta a ciki.

A nan ne aikin likita yake da wuya, kuma ya kamata dangi su yi haƙuri da yawan gwaji. Mai kansar huhu da ya rikice, zai yiwu kansar ce ta haura ƙwaƙwalwa, abin da takan yi sau da yawa. Zai yiwu maleriya ce ta hau kai, ko tibi, ko sanƙarau na gaske, ko gishirin jini ne ya sauka, ko suga. Ita allurar ma takan taɓa wasu ƙullutai masu sarrafa sinadaran jiki, na wuya da na ƙasan ƙwaƙwalwa, mutum ya yi laushi kamar tsumma. Kowanne maganinsa dabam, wani ma kishiyar wani ne. Shi ya sa ake neman hoton kai, da gwajin jini, da ɗibar ruwan baya. Na san yadda mutanenmu ke tsoron allurar baya, ana cewa tana gurgunta mutum. Ruwan cokali biyu ne ake ɗiba daga ƙasa da inda laka ta ƙare, kuma shi ne ke raba tsakanin sanƙarau mai ƙwayar cuta da kumburin da magani ya jawo.

Masu nau'in kansar huhu da ake kira mai ƙananan ƙwayoyi, wajen 15 cikin 100 na masu ciwon, kusan dukkansu mashaya sigari, su sai an ƙara sa ido. Irin wannan kansa tun kafin magani takan sa garkuwar jiki ta rikice ta taɓa jijiya, allurar kuma tana iya hura wutar da ke kwance. Duk wanda dama yana da raunin cinyoyi, ko tangaɗi, ko mantuwa da ta zo tare da tarin, ko wani tsohon ciwo na garkuwar jiki, a gaya wa likita kafin a ɗaura ruwan farko. Mu kan ɓoye, don kada a ce ba za a ba mu maganin ba.

Kortizon da takardar aljihu

Maganin duk waɗannan shi ne a mayar wa garkuwar jiki birkinta. Ana dakatar da allurar, a ba da kortizon mai yawa, wani lokaci ta jijiya na kwanaki. A mai tsanani akan ƙara da wani ruwa da ake tacewa daga jinin mutane, ana rubuta shi IVIG, kwana biyar ana ɗaurawa, ko kuma a wanke jinin da inji. Duka biyun tsada gare su kuma ba kowane gari ake samu ba, don haka mai tura kuɗi ya ware wani abu a gefe tun farko, kada allura ta cinye duka.

Da jin kalmar kortizon na san wani zai ce ai akwai shi a saidaliyyar kasuwa, shi ne ƙwayar da 'yan mata ke sha don ƙiba, abu najma a Sudan, sha-ka-fashe a Kano. Kada a kuskura. Mai mayastiniya in aka loda masa kortizon, a kwanakin farko rauninsa na iya ƙaruwa kafin ya ragu, shi ya sa ake yi a inda inji yake kusa. In kuma abin da ke damunsa sanƙarau ne ko maleriya, an rufe alamar an bar cutar tana ci. Bayan an sallame shi ma akwai sauran aiki: ba a yanke kortizon rana ɗaya, a hankali ake ragewa, sati huɗu zuwa shida ko fiye. Wanda ya ji sauƙi ya watsar, ciwon na iya dawowa, ko jininsa ya faɗi ya suma. A tsawon lokacin suga kan hau, tsohon tibi da ciwon hanta da ke kwance na iya farkawa, don haka a riƙa aunawa. Watan azumi in ya riske shi a kan wannan magani, a tambayi likita da malami tare.

Abu na ƙarshe mai sauƙi, amma shi ne ya ceci ɗan baffana. Kafin majiyyaci ya bar Alƙahira ko Jidda ko Delhi, a roƙi likita ya rubuta takarda guda, da Larabci da Turanci: sunan allurar, ranar da aka yi ta farko da ta ƙarshe, da lambar da za a same shi. A yi mata leda a sa a aljihun jallabiya, a ɗauki hotonta a wayar mutum uku na gidan, cikinsu har da macen da ke ba shi abinci, domin ita ce za ta fara ganin ya sarƙe. Duk inda aka kai shi, ko ciwon haƙori ne, a fara miƙa takardar. Kuma kada a jefar da ita don an gama allura. Illar na iya ɓullowa bayan watanni, har shekara guda da dainawa. A kuma san tun yau wane gari ne mafi kusa da ke da ɗakin inaya mai injin numfashi da ke aiki, da wanda zai ba da mota da dare, domin da damina hanyar ƙauyukan Nil Azrak kowa ya san halinta.

Ku kuma 'yan'uwana masu ɗauko magani a jaka, kwalbar nan sanyi take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba ta son daskarewa kuma ba a girgiza ta. Kula mai ƙanƙara da ta kwana biyu a layin Argin ko Halfa ba firji ba ce. Jabu ma ya shigo kasuwa: a watan Maris 2024 'yan sandan Delhi sun kama gungun mutane da ke tattara kwalaben asibiti da aka yi amfani da su, har da na Keytruda, suna cika su da wani magani mai arha suna sayarwa, a ƙarshen shekarar kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan Imfinzi na jabu da aka samu a Lebanon da Turkiyya da Armeniya. In dillali ya ce maka yana da ita rabin kuɗi, ka nemi rasit na asibiti ko na wakilin kamfani, ka ɗauki hoton lambar da ke jikin kwali ka tura wa likitan kafin ka biya.